Cinikin Biri A Sama

A cikin kakar bara, bayan an kai gero da wake rumbu, wani saurayi daga cikin 'ya'yan ekklesiyarmu ya shigo Mada da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin wadda Turawa su ke ƙerawa domin gudu. Gajera ce ƙwarai, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, kukanta kuwa tun daga bakin gari a ke ji. Yara suka bi ta da gudu har ƙofar gidanmu. Saurayin ya fito, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Baba, ga abin da Allah ya hore mini, na kawo a sa mini albarka." Shekara huɗu ya yi yana sayen hatsi a ƙauyuka yana kaiwa Gusau da Funtuwa, ribar nan duka kuwa a cikin motar ya zuba ta.

Muka taya shi murna, gama ba daidai ba ne a tari mai farin ciki da baƙar magana tun daga ƙofa. Bayan ya sha ruwa muka ce ya nuna mana takardu. Ya kawo ta kwastan, da ta lamba, da rasit. Muka ce, "Ɗana, ina littafin da a ke rubuta gyaran da aka yi mata, da ranakun da aka juye baƙin mai?" Ya yi dariya, ya ce, "Baba, wa ya ke da wannan a ƙasar nan? Dillali ya ce wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, kasuwa kaɗai ta ke zuwa da ita." Wannan tsohuwar Baturiya, ga alama, motocinta sun fi dubu, gama kusan kowace mota da aka jera a bakin titi a Kano da Kaduna ita ce ta hau ta. Ba mu kuwa taɓa jin abin da ya haɗa tsohuwa da motar tsere ba.

Ya kamata masu karatu su san hanyar da irin waɗannan motoci su ke bi kafin su iso mu. A shekara ta 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 waɗanda Turai da Amurka da Japan suka fitar zuwa waɗansu ƙasashe tsakanin 2015 da 2018, kimanin kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka zo. Shi ya sa mu ke ce musu Beljiyam, ko 'yan Kwatano, bisa ga tashoshin jirgin ruwan da su ke bi. Shekaru da yawa ana sauke su a Kwatano, a bi da su ta ƙasar Nijar, su shigo ta iyakokin Katsina da Sakkwato, har gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017. Mota guda takan bi hannun mutum biyar ko shida, a kowane hannu kuwa wani abu na labarinta yakan faɗi a hanya. Waɗansu kamfanonin inshora ne suka yi gwanjonsu a Amurka bayan haɗari ko ambaliya. A watan Agusta na 2017, sa'ad da guguwar Harvey ta sauka a birnin Houston, ruwa ya shanye motoci dubu ɗaruruwa. Motar da ta kwana cikin ruwa, in an wanke ta an shafa mata mai, sai ta yi ƙyalli kamar amarya, amma tsatsa tana nan tana cin wayoyinta a ɓoye.

Iyayenmu da suka yi cinikin doki da shanu ba su bukaci littafi ba, domin dabba tana ɗauke da tarihinta a jikinta. Mai saye yakan buɗe bakin doki ya duba haƙora, ya san shekarunsa. Yakan sa a yi sukuwa da shi ya ga ko yana ɗingishi, ya shafa baya ya ji ko sirdi ya taɓa yi masa miki. Mota ba haka ta ke ba. Tana da agogo mai ƙidaya tafiyar da ta yi, amma ana komar da shi baya, a yanzu ma da kwamfuta a ke yi cikin 'yan mintoci; tun 1972 Amurka ta yi dokar hana wannan, abin bai daina ba. Akwai wani bel a cikin inji mai daidaita motsin sassansa, wanda masu ƙera mota sukan ce a sake shi bayan kilomita dubu 100 zuwa dubu 160. A injuna da yawa, in ya tsinke ana cikin gudu, sassan sukan yi karo da juna, inji ya lalace nan take. Man birki yakan sha danshi a hankali, in ya tsufa sai ya tafasa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ido ba ya ganin waɗannan. Littafin gyara shi ne haƙoran mota. Motar gudu kuwa ta fi kowace bukatarsa, gama wanda ya saye ta da fari domin ya taka totur ya saye ta.

Muka ba saurayin shawara ya kai ta wurin wani tsohon bakanike a Gusau, ya biya shi ladan yini guda ya duba ta sarai. Ya tafi ba da son ransa ba. Bakaniken ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya iske busasshen laka da tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Ya shiga ƙarƙashinta ya ga inda aka yi waldar ƙashin motar a gefen hagu aka rufe da baƙin fenti. Wurin jakar iskar da kan kumbura ta tare direba in an yi karo, babu kome a ciki, an kuma kashe fitilar da za ta ba da labari. Bel ɗin nan ya tsattsage.

Kwana uku bayan haka ya komo wurinmu da dare, kuma maganar da ya yi ita ce ta sa mu ke wannan rubutu. Ya ce, "Baba, ka cuce ni. Da ban kai ta Gusau ba, da na sayar da ita gobe, in an tambaye ni in ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Yanzu ka sa na sani." Bai faɗi wannan da wasa ba. Akwai wani a Tsafe da ya riga ya taya motar da kuɗin da zai rufe asararsa.

To, bari mu dubi maganar nan da kyau, gama ba maganar yara ba ce, masu hikima sun daɗe suna kai da kawowa a kanta. A shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, wani masani na Roma mai suna Cicero ya rubuta wa ɗansa littafi a kan abin da ya wajaba ga mutum. A ciki ya kawo misalin wani falke da ya ɗauko hatsi a jirgi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodos a lokacin yunwa. Falken ya san waɗansu jirage da yawa suna biye da shi ɗauke da hatsi, mutanen gari kuwa ba su sani ba. Ya gaya musu, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Ya kuma kawo misalin mai sayar da gida wanda ya san katakonsa ruɓaɓɓe ne. Malamai biyu suka saɓa. Diogenes na Babila ya ce mai sayarwa ya faɗi abin da doka ta ce ya faɗa, kada ya yi ƙarya, amma ba lalle ne ya buɗe dukan abin da ke cikinsa ba, domin yin shiru dabam ya ke da ɓoyewa. Almajirinsa Antipater ya ce a'a, mutum ɗan'uwan mutum ne, kada a bar mai saye cikin duhun abin da mai sayarwa ya sani. Cicero ya bi bayan almajirin. Ya ga cewa wanda ya yi shiru domin ya ci ribar jahilcin wani, ɓoyewa ya yi, ko da bakinsa bai furta ƙarya ba.

Bayan shekara fiye da dubu, Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya raba maganar gida biyu. Ya ce in aibin a fili ya ke, kamar doki mai ido ɗaya, ba sai mai shi ya yi shela ba, muddin ya rage kuɗi daidai da aibin. Amma in aibin ɓoyayye ne, kuma zai jawo wa mai saye asara ko haɗari, kamar gurgun doki da aka sayar a kan mai gudu ne, ko gidan da ke shirin faɗuwa, to, wajibi ne a faɗa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da wannan a fiƙihunsu. Mai saye yana da ikon mayar da kaya in ya iske tsohon aibin da aka ɓoye masa, an kuma hana mutum ya bar saniya kwanaki ba tatsa domin hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye. Kowane Bafulatani da ke kai shanu kasuwar Talata Mafara ya san wannan. Mota da aka wanke lakarta aka komar da agogonta baya, saniya ce da ba a tatsa ba.

Har nan maganar ba ta da wuya, saurayin ma bai yi gardama a kanta ba. Ya yarda cewa tun da ya sani, shiru ba zai wanke shi ba. Abin da ya ke kuka da shi shi ne sanin kansa. A ganinsa rashin sani wata dukiya ce da ya ke da ita, muka sa ya yi asararta. Nan ne mu ke so mu daɗe kaɗan.

"Ban sani ba" iri biyu ce. Akwai ta mutumin da ya nema bai samu ba. Ya tambaya, ya duba, ya kai wurin masu sani, abin ya ɓuya musu duka. Wannan ba shi da laifi, sai dai a yi masa jaje. Akwai kuma ta mutumin da ya ga ƙofar sani a buɗe, ya zaga ta baya, domin ya san abin da zai tarar a ciki ba zai yi masa daɗi ba. Wannan ya rigaya ya sani rabi. Ba wanda ya ke gudun bakanike sai wanda zuciyarsa ta riga ta raɗa masa abin da bakanike zai ce. Saurayin nan ɗan kasuwa ne, ba ya sayen buhun wake sai ya soka masa ƙarfe ya ga abin da ke tsakiya, ko akwai ƙwari ko tsakuwa. Me ya hana shi yi wa motar da ta ci ribar shekara huɗu abin da ya ke yi wa buhu guda? Mun tambaye shi, ya sunkuyar da kai, ya ce kuɗin ya yi araha ƙwarai, yana tsoron in ya tsaya bincike wani ya riga shi. Watau shi ma ya zaci ya sami dillalin da bai san darajar kayansa ba. Kowannensu yana tsammani shi ne ya ci ɗaya. Littafin Misalai ya san irin mai sayen nan, wanda kan kushe kaya a gaban mai shi, in ya ba da baya kuwa ya shiga fahariya.

A cikin Fitowa, sura 21, akwai shari'ar sa mai tunkuyi. In sa ya kashe mutum ba zato, mai shi ba shi da alhaki. Amma in san ya saba tunkuyi tun dā, aka gaya wa mai shi, bai tsare shi ba, to, jinin yana wuyansa. Shari'ar ta rataya ne a kan tarihin san. Yanzu a ce ga mai sa, maƙwabta suna zuwa su gaya masa halin sansa, shi kuwa da ya hango su sai ya toshe kunne, ya fita ta bayan gida, domin ranar shari'a ya ce ba wanda ya gaya masa. Wane alƙali ne zai sallame shi? Yaro ma ya san wannan wayo ne. Haka nan Kubawar Shari'a, sura 22, ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani domin kada wani ya faɗo. Ba a ce ya jira sai ya san wanda zai faɗo ba.

Wani zai ce, ai kuɗinsa ne, in ya ga dama ya yi cinikin biri a sama, wa ya cuta in ba kansa ba? Da agogon hannu ne ko rediyo, da mun yarda. Amma mota ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai matar da za ta zauna a gefensa, da abokan da za su ce a rage musu hanya, da ɗan acaba da ke gabansa, da yarinya mai tallan fura a bakin titi a Kwatarkwashi. Ba ɗaya daga cikinsu da aka yi shawara da shi ranar ciniki. Mu kuma mutanen Zamfara muna da wani dalili da waɗansu ba su da shi. Tun wajen 2011 da 'yan bindiga suka addabi ƙasar nan, kowa ya san abin da a ke nufi in an ce mota ta mutu wa mutum tsakanin Tsafe da Gusau, ko bayan Bunguɗu, rana ta yi ja. A wani wuri tsinkewar bel asarar kuɗi ce. A nan tana iya zama a sayar da gona a biya fansa.

Cutar kuma ba ta tsaya ga mutum biyu ba. A 1970 wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Abin da ya nuna kowane dillalin hatsi zai gane shi. In mai saye ba shi da hanyar rarrabe mai kyau da marar kyau, ba zai biya kuɗin mai kyau ba, sai ya taya tsaka-tsaki. Mai mota mai kyau ya ga an taya masa ƙasa da darajarta, ya ce albarka, ya koma da abinsa gida. Sai kasuwa ta cika da marasa kyau, mai saye ya ƙara rage tayi, masu kirki su ƙara janyewa. Haka ya ke faruwa ga garin da aka san mutanensa da zuba yashi a cikin gero: har manomin da bai taɓa yin algus ba, hatsinsa ya faɗi. Kowane mai ɓoye aibi yana cin amanar da waɗansu suka tara ne.

Kada a ɗauka muna cewa sayen mota marar littafi zunubi ne. In haka ne, da kusan dukanmu mun faɗi, gama talaka ba shi da ikon sabuwa, tun ba bayan Mayu na 2023 ba, da aka janye tallafin fetur kome ya yi tsada. Tsofaffin Golf da Peugeot da ke kai marasa lafiyarmu asibiti a Gusau, ba mai littafi a cikinsu, muna kuwa gode wa Allah dominsu. Abin da mu ke cewa shi ne, wanda ya sayi abu a duhu, bashin kunna fitila yana kansa. Kusan kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, in daga Amurka ta fito ana iya bincika lambar a intanet a ga ko an taɓa rubuta mata haɗari ko ambaliya, ko da ya ke abin da ba a rubuta ba ba zai fito ba, shekarun da ta yi a nan ma haka. Abin da ya rage kuwa, sai a ɗauka ba a yi ba: a sake bel, a juye mai, a sake man birki, a lissafta kuɗin nan duka a cikin kuɗin motar tun ba a ce an saya ba. Wanda ba shi da kuɗin wannan, ba shi da kuɗin motar ke nan.

Mu ma da mu ke rubutu hannunmu ba fari ba ne. Shekarun baya mun sayar da wani tsohon babur wanda muka lura yana shan baƙin mai fiye da kima. Ba mu kai shi an buɗe ba, muka ce wa ranmu ai mu ba kanikawa ba ne. Mai saye ya tambaya ko lafiyarsa ƙalau, muka ce yana kai mu inda za mu. Gaskiya ce, amma gaskiyar da aka yanka daidai wuyan ƙarya. Da ya ke ya san aikinmu, bai ko tayar da shi ya ji kukansa ba, ya ƙirga kuɗi ya ba mu. Bayan wata biyu muka gan shi yana tura babur ɗin a rana. Mun biya shi kuɗin gyara daga baya, amma har yau in mun gamu, mu ne mu ke fara kau da ido. Mun ba saurayin wannan labari a daren nan, domin kada ya zaci daga kan tudu mu ke yi masa magana.

Ya ce, "To, Baba, ni ma ai haka aka yi mini. Ni kaɗai zan ɗauki asarar mutum shida?" Ba mu da amsa mai daɗi. Dillalin da ya sayar masa ya ce shi ma haka ya saya, ba ya kuwa karɓar kaya bayan an sallama; mai yiwuwa ma da gaske bai taɓa ɗaga shimfiɗar ba, saboda dalilin da muka ambata. Kowa a jerin nan ya karɓi duhun ya miƙa wa na gaba, ya ci la'adarsa. Jerin ba ya yankewa sai a hannun wanda ya yarda asarar ta tsaya a kansa, wannan kuwa ba adalci ba ne a gare shi, ba mu kuma ce masa adalci ne ba. Mun ce masa dai mutumin Tsafe yana da mata da 'ya'ya, kuma wurin jakar iskar nan har yanzu ba kome a ciki.

Da gari ya waye ya kira mutumin Tsafe ya karanta masa abin da bakanike ya rubuta. Mutumin ya yi godiya, bai sake kira ba. Wani ya zo daga Gusau, ya ji bayani, ya zaga motar sau biyu, ya tafi. Na uku mai sayar da kayan gyara ne, yana so ya farke ta ya sayar da sassa, ya taya sulusin abin da aka biya. Saurayin ya ce albarka, mai tayin ya ce yana nan in ya sake shawara. Motar tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansu, tayoyin gaba sun sace, awaki suna kwana a inuwarta. Shi kuwa ya koma bin ƙauyuka da tsohon babur ɗinsa. Ran nan ya tsaya gaishe mu, muka ga wani ɗan littafin makaranta a ɗaure da roba a ƙarƙashin sirdin. Muka buɗe, layi biyu ne kaɗai a ciki: ranar da ya juye mai, da ranar da ya sake sarƙa.